Sharhi kan Tsarin p2 na Eclipse: Amfaninsa da Wahalarsa ga Masu Shirya Manhaja a Kumasi

Eclipse, dandalin rubuta manhajojin kwamfuta wanda kamfanin IBM ya sake shi kyauta ga jama'a a shekarar 2001, kusan dukkansa an gina shi ne da fulogin, wato ƙananan manhajoji masu jingina da juna, kuma tun daga siga ta 3.0 a 2004 yake tafiyar da su bisa OSGi, ƙa'idar da ke tsara yadda irin waɗannan manhajoji ke aiki tare. Kowane fulogin yana ɗauke da fayil mai suna MANIFEST.MF, inda yake bayyana sunansa da sigarsa da kuma waɗanda yake buƙata kafin ya yi aiki. Tsarin p2, wanda ya fito tare da Eclipse 3.4 a 2008, shi ke duba waɗannan buƙatu, ya nemo abin da ya ɓace, sannan ya girka.

Abin da ya fi ɗaukaka p2 a ganina shi ne tsaurinsa. Ba ya taɓa komai a kwamfuta sai ya gama lissafin ko dukkan fulogin da aka nema za su iya zama tare, in kuwa ɗaya yana buƙatar sigar wani fulogi daga 1.2 zuwa ƙasa da 2.0 alhali wani ya nace kan 2.1, kuma sigogin biyu ba za su iya zama tare ba, zai ƙi girkawa baki ɗaya. Sabon ɗalibi yakan ɗauki wannan a matsayin taurin kai, amma wanda ya kula da ɗakin koyon kwamfuta a unguwannin Aboabo ko Asawase na Kumasi ya san gara a ƙi tun farko da a girka abin da zai rushe a tsakiyar darasi. Ko da sabuntawa ta ɓata wani abu, akwai tarihin girke-girke da ke mayar da Eclipse yadda yake a baya.

A nan Kumasi, inda kuɗin data ke cin sidi ba kaɗan ba, ga dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, mai katse saukewa ba zato, damar kwafo rumbun fulogin, wato ma'ajiyar intanet da ake sauke su daga ciki, gaba ɗaya zuwa faifai ita ce ta fi komai daraja. Mutum ɗaya zai sauke a inda intanet ke da ƙarfi, ya zuba a filasha, sauran kwamfutocin su girka daga nan. Masu rubuta nasu fulogin kuma suna iya ɗaure sigogin da aikinsu ya dogara da su a fayil ɗin .target, ta yadda ɗalibin jami'ar KNUST ta Kumasi da abokin aikinsa na Nima a Accra za su gina abu ɗaya ba tare da saɓani ba.

Sai dai saƙonnin kuskuren p2 suna da wahalar karantawa matuƙa. Yakan jero dogon layin sunaye, wannan na buƙatar wancan, wancan na buƙatar wani, ainihin abin da ya ɓace kuma yana can ƙasa. Zaɓin tuntuɓar dukkan rumbuna lokacin girkawa yakan warware matsalar, amma yana jan lokaci in intanet ta yi rauni. Bugu da ƙari, tun 2018 Eclipse ke fitar da sabuwar siga sau huɗu a shekara, don haka fulogin da mai shi ya daina kula da shi ba ya daɗewa sai ya daina dacewa.

Visual Studio Code, wani dandalin rubuta manhaja kamar Eclipse, ya fi sauƙin girka ƙari, wato irin nasa fulogin, nesa ba kusa ba, amma ƙarinsa suna ambaton sunan wanda suka dogara da shi ne kawai, ba tare da iyakar siga ba. Mai koyon rubuta shafin intanet shi kaɗai, wannan ya ishe shi. Ƙungiyar da ke rubuta manhaja da yaren Java a kwamfutoci da dama kuwa, p2 ya cancanci wahalar koyonsa, muddin aka ɗora wa mutum ɗaya alhakin rumbun da lokacin sabuntawa.