Sharhi kan tantin mutum biyu da ake sayarwa a Kasuwar Wuse

Wannan tanti, wanda na saya a wani shago a Kasuwar Wuse da ke Abuja, an yi shi ne da yadi mara nauyi, yana kuma da rufi biyu: na ciki raga ce mai hana sauro shiga, na waje kuma shi ke tare ruwan sama. Na gwada shi a Tarkwa Bay, wani bakin teku da ke Legas, inda sai da jirgin ruwa ake isa, saboda haka rashin nauyinsa ya yi mini rana ƙwarai.

Ragar ce babban abin yabo, domin zafin bakin teku mai gumi ne, ba irin namu ba, kuma idan aka ɗage rufin waje da dare iska tana ratsawa ba tare da ƙwari sun samu hanya ba. Turakunsa kuwa gajeru ne sirara, ba sa kama yashi ko kaɗan, iska na kaɗawa sai su tuge. Dabarar ita ce a cika ƙananan buhuna da yashi, a ɗaure igiyoyin a jikinsu, a binne su da zurfi. Zif ɗin ma yana cijewa idan yashi da gishiri suka shiga, don haka ya kamata a wanke shi da ruwan daɗi kafin a naɗe.

Mai niyyar saye ya haɗa da tamfol na shimfiɗawa a ƙasa, ya kafa tantin can sama da iyakar da ruwa ke kaiwa idan teku ta cika, kuma ya guji gindin bishiyar kwakwa, tun da 'ya'yanta na faɗowa ba sallama.