Matchbox mai lamba 12: kwalin na saya, motar kuwa gyara ce

Makonni uku na yi ina jiran wannan saƙo. Ɗana da ke karatu a Ingila shi ya karɓo mini daga hannun wani dattijo mai sayar da tsofaffin kayan wasan yara ta intanet. Motar 'yar mitsitsiya ce, koriyar Land Rover Safari da kaya ɗaure a kan rufinta, ƙirar da kamfanin Lesney na Landan ya fitar a 1965. Fenti ya ɗan kankare a gefe, tayoyi huɗu lafiya lau. Amma ni saboda kwalin na biya kuɗina.

Fuskarsa rawaya ce, gefunansa shuɗi mai duhu, sak kwalin ashana. Da gangan aka yi haka. Makarantar 'yar Jack Odell, ɗaya daga cikin masu kamfanin, ba ta yarda yaro ya zo da abin wasa ba sai wanda zai shiga kwalin ashana, shi kuwa ya ƙera mata 'yar motar daɓe hanya daidai wannan girman. Daga nan sunan Matchbox ya fito, aka fara sayarwa a 1953.

Zanen da ke jiki da hannu aka yi shi, da burushi da fenti. Mai zanen bai ajiye motar a miƙe ba, ya karkato gabanta wajen mai kallo kamar za ta sha kwana, ya ɗiga farin haske a gilashi, ya shimfiɗa inuwa ƙarƙashin tayoyi. Motar da ke tafin hannuna a tsaye take cik, ta jikin kwali kuwa tafiya take yi. Da na ƙura mata ido sai na tuna Land Rover ɗin malaman gona da ke shigowa ƙauyenmu da ƙura a bayanta, mu yara mu koma gida mu sassaƙa irinta da karan dawa. Na juya kwalin ta ko'ina, babu sunan mai zanen, kuma wannan ya dame ni, don aikin gwani ne.

Inda mai sayarwa ya ɓata mini rai: murfin gefe ɗaya ya taɓa yagewa, an manne shi da salatif, salatif ɗin ya tsufa ya bar tabo a kan lambar. Bai nuna wannan a hotunansa ba. Duk mai niyyar saye ya nemi hoton fuskoki shida har da ciki, don akwai sababbin bugu da ake kwaikwayon na asali.

Motocin Matchbox na yau kan zo manne cikin roba a jikin kati, sai ka yaga zanen kafin ka taɓa motar. Wannan kuwa buɗewa ake yi a mayar. Jikana ya riga ya tafi da motar tsakar gida. Kwalin yana cikin kabad ɗina, inda rana ba za ta koɗar da rawayarsa ba.