Hoton ƙwaƙwalwa a Ingila: ba a karɓar kuɗi, amma sai ka iya jira

Yaya, bayan gaisuwa, da fatan su Inna na lafiya. Ka tambayi yadda asibitin nan yake, to ga labarin yaron da muke haya tare a Bamingam, don da idona na gani.

Shekararsa 27. Wata biyu yana fama da ciwon kai, ya fi tsanani da asuba, wani lokaci har da amai. A nan ba ka tashi kawai ka ce a ɗauke ka hoto. Sai likitan unguwa ya tura ka, shi kuwa ganinsa ma aiki ne. Sai da yaron ya fara ganin abu bibbiyu muka tafi sashen gaggawa, muka kwana a kan kujera.

Ranar shiga MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, agogo, bel, har 'yan canjin aljihu sai da ya ajiye, saboda ƙaton maganaɗisu ce. Aka toshe masa kunne, aka zura shi cikin bututun. Ya ce ƙarar kamar injin niƙan unguwarmu. Daga baya aka yi masa allura a jijiya don hoton ya ƙara fitowa.

Likitar ta juyo mana kwamfutarta. Ashe a tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai ramuka biyu da ruwa ke zama, da siririn bango tsakaninsu. A jikin bangon nan wani ƙari, wato tsiro, ya manne, cike da 'yan ƙananan ƙurajen ruwa, sak kumfar sabulu, da ɗigo-ɗigon baƙi inda ya yi tsakuwa. Shi ya tare hanyar ruwan, ruwa ya taru ya matse kai. Ta ce tana zaton irin ƙarin da ake kira santiral niyurosaitoma ne, amma sai an ciro an gwada za a tabbatar. Shi ɗin ne kuwa. A 1982 aka fara bayaninsa, bai kai ɗaya cikin ɗari na ƙarin ƙwaƙwalwa ba, ya fi kama 'yan shekara 20 zuwa 40, kuma a hankali yake girma.

Daga hoton har tiyatar ba wanda ya ce a kawo ko fam ɗaya. Sai dai kada ka ce kyauta ce tsantsa: wajen neman biza an riga an karɓe mini fam 1,035 na kowace shekara, kuɗin lafiya. A Kano mai kuɗi yau zai biya, yau a ɗauke shi, abin da a nan Ingila ko mai kuɗi ba ya samu sai ya je asibitin kuɗi. Talakan Kano ne dai ba ya ko kai bakin ƙofar. Ga kuma wuta: maganaɗisun sai an riƙe shi cikin sanyin awo 269 ƙasa da sifiri dare da rana, ka lissafa man janareto.

Yaron ya dawo gida da ɗinki a ka, za a riƙa maimaita hoton lokaci-lokaci. A gaya wa Inna tuwo da miyar kuka ya fara nema, kukar da ta aiko kuwa ta kusa ƙarewa.