Hotuna Biyu na Mazari Suna Barbara: Wanne Ya Fi?

Ɗan'uwa, ka turo hotuna biyu na mazari namiji da mace a bakin kududdufi, kana tambayar wanda ya kamata ka ajiye. Na farko ka ɗauke shi daga gefe a f/11 (wato ƙofar da haske ke shiga kyamara a matse) da filasha, na biyu daga gaba a f/4 (ƙofar a buɗe sosai) da hasken yamma. Na biyun ya fi ɗaukar ido, amma na farkon ne hoton barbara.

Dalilin yana jikin ƙwaron. Cikin mazari gaɓa 10 ne. Namiji yana kama mace ta bayan kai da 'yan ƙugiyoyin da ke ƙarshen cikinsa, ita kuma ta lanƙwaso cikinta ta haɗa da ƙasan gaɓarsa ta 2 da ta 3, wurin da ya riga ya ajiye maniyyinsa. Sai su zama kamar zobe. Wuraren nan biyu, inda ya riƙe ta da inda ta haɗa, su ne mai tantance hoton zai fara nema. A hoto na farko duk sun fita tas, har ana iya ƙirga gaɓoɓin macen. A na biyu idanun namijin ne kawai suka fita, cikin macen ya narke da ciyawar baya. Wanda bai san mazari ba sai ya zaci ƙwaro ɗaya ne.

Ba laifin hannunka ba ne, lissafi ne. Idan ƙwaron ya faɗo a kan na'urar da ke kama hoto a cikin kyamara da rabin girmansa, kaurin wurin da ke fita tas a f/11 wajen milimita 4 ne, a f/4 kuwa bai kai milimita 2 ba. Ka tsaya ta gaba, zoben ya miƙe ya yi nisa da kai, dole wani ɓangare ya dushe. Ka tsaya daidai gefe, fuskar kyamara na kallon zoben a miƙe, duka biyun sun shiga layi ɗaya. Kada ka ce bari ka matse zuwa f/22, hoton gaba ɗaya zai yi laushi.

Na farkon ma yana da aibi. Filasha kai tsaye ta bar farin tabo a fikafikai da idanu, bayan kuma ya yi baƙi kamar dare. Ɗaura farar leda ko takarda mai laushi a bakin filashar, ka rage ƙarfinta, ka ɗaga ISO (ƙarfin kama haske na kyamara) zuwa 400 don koren ciyawa ya dawo. A nan na biyun ya doke shi, haskensa mai daɗi ne ƙwarai.

Abu ɗaya kuma da ake yawan kuskurewa: idan namiji ya riƙe mace amma cikinta a miƙe yake, ba barbara ake yi ba a lokacin. Ko dai ba a fara ba, ko an gama yana rakiyarta ta zuba ƙwai a ruwa, kamar yadda mazarin Pantala flavescens ke yi a kududdufan damina. A rubuta taken hoton daidai da abin da ke ciki.

Idan a iNaturalist, shafin intanet da ake ɗora hotunan halittu, za ka ɗora don a tantance irin mazarin, ɗora na farko tare da rana da wurin da ka ɗauka. Na biyun ya dace da bangon ɗaki.