Ajin koyon kiɗa na kwayamastan cocinmu a Jos

Wata takwas ke nan 'yata mai shekara 11 tana zuwa ajin kiɗa da waƙa da kwayamastan cocinmu, wato shugaban mawaƙan coci, yake yi ranakun Talata da Asabar da yamma, a ɗakin da ke bayan majami'a, kuma tun da iyaye da dama sun tambaye ni ko su kai nasu 'ya'yan, na ga ya dace in faɗi abin da na gani da idona.

Baba Malam, kamar yadda kowa ke kiransa, ya yi karatun malanta a Gindiri, inda mishan ɗin SUM, wato Sudan United Mission, ya kafa makarantunsa, ya koyar a firamare da sakandare har ya yi ritaya, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa ajiye aikin kwaya ba. Ba ya ɗaukar kiɗa a matsayin sana'a kawai, hidima ce a wurinsa, shi ya sa kowane darasi da addu'a yake farawa, kuma yakan tuna wa yara cewa Zabura ta 33 ta ce a kaɗa da gwaninta, saboda haka ganganci ba shi da wurin zama a sujada.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, sai da 'yata ta yi makonni shida ba ta taɓa kibod ba. Solfa suka fara da ita, wato do, re, mi da ake rubutawa da haruffa a allo, tsarin da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, 'yan mishan kuma suka kawo shi makarantunmu. Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne, har na yi masa magana. Ya saurare ni, sannan ya ce, "Maman yarinya, kunne ake fara gyarawa kafin yatsa. Ki ba ni wata biyu." Yanzu idan zumuntar mata suka ɗauki waƙa ba tare da shiri ba, da tulu da kacau-kacau, yarinyar takan lalubo muryar da suka kama a kan kibod kafin su gama baiti na farko, abin da wasu matasa masu saurin yatsu suke kasawa.

Inda ya fi kowa a ganina shi ne kula da kalmomin Hausa. Yawancin tsofaffin waƙoƙinmu na coci fassara ce aka ɗora a kan karin Turawa, alhali Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, da wasula masu tsawo da gajeru. Na taɓa zama a bayan aji ya tsayar da yara a kan kalmar "kuka" kusan minti goma, yana nuna musu cewa idan murya ta faɗi a gaɓar ƙarshe, kukan mai roƙon Allah ya koma itacen kuka da ake miya da ganyensa. Inda karin waƙa ya tilasta hakan, yana koya musu su sassauta gaɓar, su fito da sauran kalmomin fes, domin tsohuwar da ke bencin baya, wadda ba ta iya karatu ba, ta ji abin da ake cewa.

Akwai gyara, kuma ba zan ɓoye ba. Kibod ɗaya ne, Yamaha mai maɓalli 61, ga yara goma sha biyu, don haka da wuya yaro ya samu minti goma a kansa, kuma wanda ba shi da nasa a gida ci gabansa zai yi jinkiri. Idan aka ɗauke wuta sai a koma waƙar baki. Jana'iza ko ɗaurin aure a ikilisiya kan soke darasin Asabar, wani lokaci ba tare da sanarwa ba, har sau biyu muka biya kuɗin keke muka tarar da ɗaki a kulle. Sannan ba ya saurin shiga rubutun kiɗa na layuka biyar, wanda dole ne ga mai niyyar jarrabawar kiɗa ta MUSON, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya da ke Legas, saboda haka mai wannan buri zai buƙaci ƙarin malami.

Kuɗin wata bai taka kara ya karya ba, kuma na san akwai marayu biyu a ajin da ba ya karɓar ko sisi daga hannunsu. Na riga na biya na zango mai zuwa, kuma ƙaninta zai shiga bayan Ista. A sujadar Kirsimetin da ta wuce, Baba Malam ya tashi daga kan kibod a lokacin karɓar baiko, wato sadakar coci, ya zaunar da 'yata, shi kuma ya tsaya a gefenta yana ƙirga mata bugu da ɗan yatsa a kan benci har aka gama waƙar.