Tsohon gem da gitar wasa: me ya kamata ɗan Zariya ya saya?

Duk wanda ya taso a Sabon Gari ko Tudun Wada ya san gem ɗin nan mai kaset ruwan ɗorawa, wanda ake rubuta masa wasa dubu-dubai a jiki, ka kunna ka tarar guda goma ne ake ta maimaitawa. Kwaikwayon Famicom ne, wanda Nintendo ya fitar a Japan a 1983. Har yau ana samun irinsa sabo a kwali, da arha. In yara za ka saya wa su yi hutu da shi, ba laifi. Amma hannunsa ba ya jure duka, kuma babu wata gita ko ganga da za ka haɗa masa.

Sega Mega Drive, na 1988, ya fi shi ƙwari nesa ba kusa ba. Kaset yake ci, ba shi da idon karanta faifai balle ƙurar hunturu ta kashe shi. Matsalar ita ce yawancin waɗanda ke kasuwa yanzu jabu ne, za ka gane daga sautinsu da rashin nauyi in ka ɗaga.

Ni dai in wasan kiɗa kake so, kada ka wahalar da kanka, PlayStation 2 za ka nema. Ya fito a 2000, an sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, shi ya sa kayan gyaransa ba sa yankewa, kuma da wuya ka sami mai gyaran gem da bai taɓa buɗe shi ba. A kansa Guitar Hero, wasan da ake bin waƙa da gitar roba, ya fara fitowa a 2005, akwai Rock Band mai haɗawa da ganguna, akwai kuma Dance Dance Revolution na Konami mai tabarmar rawa. PlayStation 2 ɗin iri biyu ne: babba na farko, da siriri da ya biyo baya a 2004. Siririn ya fi sauƙin ɗauka ga ɗalibin da ke zirga-zirga tsakanin Samaru da gida. Kowanne ka zaɓa, idonsa ne ke fara mutuwa, don haka mutane ke sa wata manhaja mai suna Free McBoot a memori su riƙa buga wasa daga filas. Sai dai ramin USB ɗinsa tsohon yayi ne, ba ya sauri, kuma wasan kiɗa ba ya son sauti mai tsinkewa. Ka nemi wanda idonsa ke karanta faifai.

Juya bayansa ka karanta kafin ka soka. Wasu daga cikin kayan gwanjon da suka fito daga Amurka wutar volt 120 kaɗai suke sha, tamu kuwa 230 ce. In babu abin rage wuta, sokawa ɗaya sai hayaƙi.

Sai gitar kanta, nan ne kuɗi ke salwanta. Maɓallai biyar gare ta a wuya: kore, ja, ɗorawa, shuɗi da ruwan lemo, sai ɗan harshen da ake kaɗawa sama da ƙasa. Riƙe ta a gaban mai shago, ka danna kowane maɓalli ka ji ko yana dawowa, ka kaɗa harshen ta fuska biyu, don sau da yawa ƙasa na ci, sama ya mutu. Marar waya tana da sha'awa, amma ta PlayStation ba ta aiki sai da ɗan abin karɓar saƙonta da ake sokawa a jikin gem ɗin, kuma shi ne ke fara ɓacewa a cikin dila. In mai shago ya ce maka "Alhaji ɗauki kawai, kowanne ma zai yi," ajiye masa kayarsa. Kowace gita da nata. Ta gem ɗin Wii na Nintendo kuma sai ka cusa mata rimot ɗin Wii a ciki. Mai waya ta fi kwanciyar hankali: ba batir, ba neman abin da ya ɓata. Mai kwamfuta ya nemi gitar X-plorer ta gem ɗin Xbox 360, USB ce, tana tafiya da Clone Hero, kwaikwayon Guitar Hero na kwamfuta wanda kyauta ake sauke shi.

Gangunan Rock Band suna cin wuri, ga ƙara, ga matakin ƙafarsu na roba da ke yawan karyewa. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, kai da maƙwabta ne. Tabarmar rawa mai laushi kuma zamewa take a kan tayil, sai an shimfiɗa mata darduma a ƙasa.

Kada ka yar da tsohuwar talabijin mai ƙeya. Sabbin nan masu faɗi suna ɗan jinkirta hoton tsohon gem, jinkirin da ba za ka lura da shi a wasan ƙwallo ba, amma a wasan kiɗa kunnenka zai ce ka daka daidai, allon ya ce ka makara. Daga Guitar Hero II akwai wurin daidaita wannan a cikin wasan, yana rage matsalar.

Waƙoƙin ciki kusan duk kiɗan Turawa ne mai hayaniya, ba kowane kunne ke ɗauka ba. Ka ce a kunna maka ɗaya a shagon ka buga ta har ƙarshe, da gitar da za ka tafi da ita, sannan a yi maganar kuɗi.