Fayafai uku na Innova DX a filin golf na sansanin coci: biyu ne ke ɗaukar aikin

Da yawa daga cikin sansanonin yara da coci-coci ke gudanarwa a Amurka lokacin dogon hutu, daga Yuni zuwa Agusta, suna da ɗan filin golf na faifai a cikin kurmi ko a bakin tafki. Galibi kwando tara ne, tazarar ba ta da tsawo, itatuwa kuma a matse suke. Duk mai shirin wasa a irin wannan fili, ko mai kula da sansani da zai saya wa yara kayan wasa, abin da zai fara cin karo da shi a shago shi ne ƙunshin 'yan koyo na kamfanin Innova: fayafai uku na roba samfurin DX, wato Aviar da Shark da Leopard. Ƙunshin ya dace da wannan fili ƙwarai, amma ba duka ukun ke da amfani iri ɗaya ba.

Wasan kansa ba shi da sarƙaƙiya. Ana jefa faifai daga wurin farawa, inda ya faɗi nan za a tsaya a sake jifa, har ya shiga kwandon ƙarfe da ke jikin sanda, wanda sarƙoƙi ke rataye a samansa suna tare faifan ya zube ciki. Wanda ya gama da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Ed Headrick ne ya kafa fili na farko a Oak Grove, kusa da Pasadena a Kalifoniya, a 1975, kuma shi ya ƙirƙiro kwandon sarƙa. Innova ta zo a 1983 da faifai mai siririn baki na Dave Dunipace, wanda ya raba fayafan wannan wasa da na wasan cafe a bakin teku.

Innova tana bayyana kowane faifai da lambobi huɗu, kuma sai an fahimce su kafin a gane ƙunshin. Ta farko gudu ce, daga 1 zuwa 14, kuma ainihin abin da take faɗa shi ne irin ƙarfin da faifan ke buƙata kafin ya tashi yadda aka tsara shi. Ta biyu daɗewa a iska. Ta uku karkatarsa zuwa dama a farkon tafiya, lokacin da yake da ƙarfi: 0 na nufin yana tafiya a miƙe, lamba mai alamar ragi (-) kuwa na nufin yana karkata. Ta huɗu komawarsa hagu idan ƙarfin ya ƙare. Wannan dama da hagu ga mai jifa da hannun dama ne ta bayan hannu. Ga bahago sai a juya lissafin.

Shark, mai lambobi 4, 4, 0, 2, shi ne uban tafiyar. Bakinsa ba shi da faɗi, yatsu huɗu suna shiga ƙarƙashinsa ba wahala, babban yatsa a sama. Yana tafiya a miƙe, sannan ya ɗan kwanta hagu a ƙarshe, kuma kullum haka yake yi. Wannan tabbas ɗin shi ake nema a tsakanin itatuwa. Idan kwandon yana gabanka sak, ka saita jifan ɗan dama da shi, ka bar faifan ya dawo da kansa. A filin da yawancin tazararsa ba ta wuce mita 50 zuwa 80 ba, ɗan koyo zai iya zagaye kwando taran da Shark kaɗai, kuma sau da yawa lissafinsa zai fi na wanda ke ta canja faifai.

Aviar, 2, 3, 0, 1, na jefawa kwando ne daga kusa da kuma matsowa. Bakinsa mai kauri ne, ba ya sulɓewa daga sarƙa da sauƙi, kuma idan ya taɓa ƙasa ba ya yin nisa da tsalle. Riƙonsa daban ne: a baza yatsu a ƙarƙashin faifan, manuniya a gefen baki. A saita ido a kan sarƙa guda a tsakiya, a tura hannu gaba daga wajen cibiya zuwa kwando, a sake shi a daidai. Kuskuren da aka fi yi shi ne saita bakin kwandon maimakon sarƙa, sai faifan ya bugi ƙarfen gaba ya dawo. Yaro ɗan shekara 8 ko 10 bai buƙatar wani faifai bayan wannan, har a jifan farko.

Leopard, 6, 5, -2, 1, shi ne ake rububinsa domin an ce na nisa ne, kuma shi ke ɓata wa masu koyo rana. Laifin ba na faifan ba ne, don a cikin fayafan nisa yana daga cikin masu sauƙin kai. Matsalar ita ce bakinsa siriri ne, yana fallasa duk wani kuskuren riƙo. Idan gaban faifan ya ɗaga sama lokacin sakinsa, sai ya hau iska, ya tsaya, ya rikito hagu cikin daji bai kai inda Shark zai kai ba. Maganin shi ne a lanƙwasa wuyan hannu ƙasa kamar mai tsiyaya shayi daga buta, a ja faifan a miƙe daidai ƙirji, kusa da jiki, kada a zagayo da hannu. A fara daga tsaye ba tare da gudu ba. Sai Shark ya soma tafiya a miƙe babu rawa sannan a fito da Leopard. Amma dai gara shi sau goma da ɗauko faifai irin Destroyer mai gudu 12, wanda a hannun ɗan koyo ba abin da ya iya sai faɗawa hagu.

Robar DX tana da daɗin riƙo, ko da hannu ya yi gumi ko raɓar safe ta jiƙa ciyawa, kuma ita ce mafi arha a fayafan kamfanin: kuɗin ƙunshin gaba ɗaya bai wuce na fayafai biyu na robar Champion ko Star da yawa ba. Raunin ta shi ne saurin cinyewa. Duk bugun itace yana barin tabo a baki, kuma yayin da bakin ke cinyewa faifan yana ƙara karkata dama. Ga Aviar da Shark wannan ba matsala ba ne, har ma suna ƙara miƙewa. Ga Leopard kuwa, bayan ya sha bugu sosai, mai hannu da ƙarfi zai ga yana kifewa dama yana gangarawa a ƙasa. Idan baki ya yi ƙaya, a goge shi sama-sama da samfefa mai laushi, gyara ne da PDGA, hukumar da ke tsara dokokin wasan, ta yarda da shi. Idan faifan ya lanƙwashe, a tsoma shi cikin ruwan zafi wanda bai tafasa ba, a kwantar da shi a kan tebur, a danne da abu mai nauyi har ya huce. Kada a bar shi cikin mota a rana.

Fayafan ƙunshin sukan zo marasa nauyi, wajen giram 150, alhali Aviar na ƙwararru yakan kai 175. Rashin nauyin alheri ne ga yara da masu koyo, amma iska tana wasa da shi. Idan iska na fuskantarka, faifan zai ɗaga ya karkata dama fiye da yadda ka saba, don haka a sauke jifan ƙasa a koma kan Shark. Kuma babu ko ɗaya cikin ukun da ke yin iyo. Sansani da wuya ya rasa tafki, kuma faifan da ya faɗa ciki ya nutse. Inda kwando yake hayin ruwa, gara a kewaya ta tudu da jifa biyu. Bisa doka, faifan da ya fita daga iyakar fili yana jawo ƙarin jifa ɗaya, a ci gaba daga cikin mita 1 na inda ya tsallake. Wanda ya ɓace ana nemansa minti 3, in ba a gani ba a ƙara jifa ɗaya a sake daga inda aka jefo.

Launi ba abin wasa ba ne a kurmi. Launukan ƙunshin suna bambanta daga kwali zuwa kwali, don haka in a shago ake saye a duba a ɗauki mai haske, ruwan lemo ko ruwan hoda, a guji kore. A rubuta suna ko sunan sansani a ƙarƙashin kowane faifai da alƙalamin da ba ya gogewa. Masu shiga daji neman faifai su sa takalmi rufaffe da dogon wando, saboda kaska da wata ciyawa mai ganye uku-uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje, wadda ta yawaita a dazuzzukan Amurka.

Ga sansanin da zai saya wa yara da yawa, sayen ƙunshi goma ba shi ne mafi hikima ba, domin za a tara Leopard goma da ba a buƙata. Ya fi kyau a sayi ƙunshi biyu ko uku, sauran kuɗin a zuba a Aviar da Shark ɗai-ɗai. A raba yara huɗu-huɗu, wanda faifansa ya fi nisa da kwando shi ke fara jifa, kowa ya tsaya a bayansa, kuma ba a jifa sai rukunin gaba ya bar kwandon. Waɗannan fayafai sun fi na cafe tauri nesa ba kusa ba, suna iya fasa leɓe.

Baƙon da ba ɗan sansani ba, ya kamata ya san cewa filin mallakar coci ne. Wasu suna barin jama'a su yi wasa, amma sukan rufe a makonnin da yara ke ciki. A duba manhajar UDisc, wadda ke nuna filayen wannan wasa, a ga ko filin a buɗe yake, sannan a kira ofishin sansanin kafin a kama hanya.